Amsa ga ƙanwata ta Argungu kan aikin sa kai a taron masu buƙata ta musamman

Ƙanwata, kin tambaya ko 'yar Kebbi za ta iya aikin sa kai a babban taron duniya na masu buƙata ta musamman, kuma ta ina za ki fara. Za ki iya ƙwarai. Babban taron da ake ji da shi an fara shi a Landan a 2018, aka yi na uku a Balin ta ƙasar Jamus a Afrilun 2025. Sai dai mai aikin sa kai ba albashi yake karɓa ba, don haka ki tambayi batun biza, masauki da kuɗin jirgi tun kafin ki cike fom.

Ni dai a ganina ki fara daga gida. Ki nemi reshen JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta Najeriya, a Birnin Kebbi, ki koyi maganar hannu ko da gaisuwa ce. Abin da ake dubawa ke nan, ko kin taɓa yin irin wannan aiki.

Ranar da na fara irin wannan aiki a wani taro a nan garin, na kama hannun wani dattijo makaho na fara jan sa. Ya tsaya ya ce, "'Yata, ba ni gwiwar hannunki in riƙe, ki riƙa faɗa mini in mun zo matakala." Har yau ina jin nauyin maganar nan. Haka mai keken guragu, kada ki tura sai kin tambaye shi. In kina magana da kurma, shi za ki kalla, ba mai fassara ba.

Ki karanta dokar hana wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, za a iya tambayar ki.