Katin shiga bas kyauta a Ingila: Mama ce za ta samu ko Maigida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin jinya a Birmingham, maigidana yana zaune tare da ni a kan bizata, an haife shi a 1962, kuma hawan jinin ido ya taɓa masa gani sosai har ya ajiye tuƙi. Ga mahaifiyata ta zo mana ziyarar wata shida, shekarunta 71. Kullum ina ganin tsofaffi suna shiga bas da kati ba sa biyan ko sisi, to wa zai samu a cikinsu? Tsorona dai an rubuta mana a biza cewa ba mu da haƙƙin karɓar kuɗin tallafin gwamnati, kar mu je nema abin ya ɓata mana takardu. Wata maƙwabciyata ma ta ce za ta riƙa ara wa Mama nata katin.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Maigida lafiya. A taƙaice Mama ba za ta samu ba duk da ita ce babba, shi kuma Maigida da bai kai shekarun ba yana da hanya mai kyau ta samu, amma ta ɓangaren idonsa.

Katin nan tun 1 ga Afrilu 2008 yake aiki a duk faɗin Ingila, dokar 2007 ce ta kawo shi. Ba a tambayar ɗan wace ƙasa ne kai, ba a tambayar ka taɓa biyan haraji ko ba ka taɓa ba, abu biyu ake dubawa, a nan kake zaune dindindin, sannan shekaru ko lalura. To kin ga Mama a nan ta faɗi, mai bizar ziyara baƙo ne, gidanta yana can gida, kuma idan kika cike mata fom kika ce a Birmingham take zaune kin saɓa wa abin da ita kanta ta faɗa lokacin neman biza, wannan kuwa zai iya hana ta dawowa nan gaba.

Maganar shekaru kuma, a Ingila an ɗaure ta ne da shekarun fansho na gwamnati. Da 66 ne, yanzu ana ɗaga shi a hankali zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, duk wanda aka haifa daga 6 ga Maris 1961 zuwa sama sai ya cika 67. Maigida na 1962 ne, kenan sai 2029. Da a Sikotland ko Wales ko Arewacin Ayalan kuke da tun yana 60 ya karɓa, Landan ma suna da nasu katin Oyster na masu 60 amma iya cikin Landan yake aiki kuma sai mazaunin can. Mutane da yawa suna jin labarin wani ɗan uwa a Glasgow ko Landan su ɗauka ko ina haka ne, su je su sha wahalar banza.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Dokar sufuri ta 2000 ta lissafa rukuni bakwai na masu lalura da ake ba katin ba tare da jiran tsufa ba, akwai makaho ko mai raunin gani, kurma, wanda ba ya iya magana, wanda tafiya da ƙafa ke yi masa wuya ƙwarai na dogon lokaci, wanda ya rasa amfanin hannayensa biyu, mai naƙasar fahimta, sai kuma wanda idan ya nemi lasin tuƙi za a hana shi saboda rashin lafiya. Maigida zai iya shiga ta ƙofa biyu. Idan likitan ido na asibiti ya ba shi takardar CVI wadda ke tabbatar da raunin gani, shi kenan an gama, kwafinta za ku tura. Idan kuma idon bai kai nan ba to a duba rukunin ƙarshe, domin a ƙasar nan wanda ba ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, ko ganinsa na gefe ya ragu ƙasa da ƙa'ida, ba a yarda ya yi tuƙi ba, kuma hawan jinin ido ganin gefen yake fara ci. Ba sai ya taɓa riƙe lasin Birtaniya ba, abin da ake so shi ne shaidar likita cewa ko ya nema ba za a ba shi ba. Masu farfaɗiya da yawa ta nan suke samu. Ranar da zai koma asibitin ido ki bi shi, ki faɗa wa likitan kai tsaye takardar katin bas kuke so, ya rubuta sakamakon gwajin a fili, don wasiƙar da kawai ta ce yana da ciwon ido sau da yawa dawo da ita ake yi.

Tsoronki na tallafin gwamnati na fahimce shi, kuma gara da kika tambaya. Dokokin shige da fice suna da jerin abubuwan da aka hana masu irin bizarku, akwai Universal Credit, kuɗin yara, tallafin haya, da kuɗin masu lalura irin su PIP da DLA. Katin bas ba ya cikin jerin nan, neman shi ba zai taɓa muku biza ba. Tarkon da ke wajen shi ne a fom ɗin za ki ga an ce mai karɓar PIP da maki 8 ko sama a ɓangaren motsi yana samun katin cikin sauƙi, sai wani ya ba ku shawara ku fara neman PIP ɗin. Kar ku kuskura, shi PIP yana cikin abin da aka hana ku. Ku bi ta takardar likita kawai. Wallahi abin yana damuna yadda mutanenmu suke zama a ɗaki wata da watanni saboda tsoron abin da doka ta halatta musu, mutum ya daina tuƙi ya daina zuwa masallaci ya daina ziyara, ciwon ido ya zama ciwon zuciya.

A yankinku hukumar sufuri ta Transport for West Midlands ce ke bayarwa, ta intanet ake cikewa, a haɗa hoton fasfo, shaidar adireshi kamar takardar harajin gida ko ta wuta, da shaidar lalurar. Katin masu lalura yana zuwa da zanen ruwan lemo a gefe, na tsofaffi shuɗi, duka da hoton jan fure na Ingila. Yana aiki a bas na cikin gari ko ina a Ingila daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 11 na dare ranakun aiki, Asabar da Lahadi da ranakun hutu kuwa yini guda. Ku a West Midlands an ƙara muku jirgin ƙasa na cikin yanki da taragon Metro bayan 9:30. Idan an ba shi ganin likita ƙarfe 9 na safe to ranar sai ya biya, shi ya sa ku riƙa roƙon a ba shi lokaci da hantsi. Ba ya aiki a manyan motocin kamfanin National Express masu doguwar tafiya daga gari zuwa gari, kuma ba ya aiki a Sikotland ko Wales.

Aron katin maƙwabciya kuma ki yi mata godiya ki ce a'a. Hoton mai shi yana jiki, idan mai duba tikiti ya kama za a ƙwace, ita ta rasa nata, kuma ana iya kai maganar kotu a matsayin zamba, ga Mama da biza a hannu. Abin da ya dace da ita, tikitin bas na tafiya ɗaya an ƙayyade shi bai wuce fam 3 ba a yawancin kamfanoni tun Janairu 2025, ranar da za ku yi yawo da yawa ku sayi tikitin yini. Idan za ta je gaida 'yan uwa a Manchester ko Landan, duk mai shekara 60 zai iya sayen Senior Railcard ya samu ragin kashi ɗaya cikin uku a jirgin ƙasa, National Express ma suna da irin wannan kati na masu 60, fasfo ɗinta ya isa shaidar shekaru.