Amsa: Rubutu na fitowa dishi-dishi a allon kwamfuta

Malam, ka ce tun da ka haɗa sabon allo rubutu ke fitowa dishi-dishi har idonka na yaji. Fara duba resolushin, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo: idan allon 1920x1080 ne, bar shi a haka. Idan ka rage shi don haruffa su ƙara girma, hakan ne ke ɓata su. Gara ka ɗaga sikelin, wato saitin girman rubutu da sauran abubuwan da ke allo, zuwa 125%.

Sai ka nemo ClearType, saitin gyara fitowar rubutu a Windows, ka zaɓi rubutun da ya fi kwanta maka a ido.

Da wace waya ka haɗa? Ni ma na sha wannan wahalar da VGA, tsohuwar wayar haɗa allo da kwamfuta, kowane harafi da inuwarsa a gefe. Danna maɓallin Auto da na yi a jikin allon ya rage ta, amma sai da na sa wayar HDMI ta ɓace gaba ɗaya.