Fenisilin ya taɓa tayar mini da borin jini, zan iya shan Amoxil?

Tambaya: Shekara uku da suka wuce an yi mini allurar fenisilin, nan take jikina ya yi rudu-rudu, leɓena ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Yanzu haƙori ke damuna, mai kemis ya ba ni Amoxil, ya ce wannan daban ne, in sha rabi in gwada. Tsoro nake ji.

Amsa: Malama, kada ki sha, ko rabin ne. Amoxil amoksisilin ne, shi kuwa ɗan gidan fenisilin ne na jini.

Dukkansu gindinsu ɗaya: zoben beta-laktam mai atom huɗu (kabon uku, naitirojin ɗaya), manne da wani zoben mai atom biyar da ke ɗauke da salfa. Reshen da ke gefe kaɗai ke sauyawa. Tsakanin amfisilin da amoksisilin ma bambancin bai wuce oksijin ɗaya ba. Zoben beta-laktam ɗin a takure yake, shi ya sa yake saurin buɗewa ya kashe sinadarin da ƙwayar cuta ke gina bangonta da shi. Haka kuma yake buɗewa ya laƙe wa furotin ɗin jikinki, garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba.

To, batun "sha rabi ki gwada". Kullum sai mun ji wannan maganar, kuma tana kisa. Irin borin da kika kwatanta ba ruwansa da yawan abin da aka sha. Garkuwar da ta riga ta shaida maganin, ɗan kaɗan ya ishe ta tashi. Madara ba ta tarewa, manja ba ya tarewa, Piriton ba ya buɗe maƙogwaron da ya toshe. Abin da ke ceto allurar adirenalin ce a tsokar cinya, miligiram 0.5 ga babba, cikin gaggawa. Mai kemis ɗin yana da ita a kanta? Wai don launin kafso ya sauya, ko sunan kwali, sai a ce magani ya sauya! Ampiclox amfisilin ne da kuloksasilin, fenisilin biyu a kafso ɗaya. Augmentin amoksisilin ne aka ƙara masa kilabulanik asid. Duk sunan da ya ƙare da "cillin" a jikin kwali, ki ajiye shi.

Dangin sefalosforin, wani rukunin magungunan kashe ƙwayar cuta, su ma suna da zoben beta-laktam, sai dai maƙwabcinsa mai atom shida ne. A nan reshe ake dubawa: na sefaleksin irin na amfisilin ne sak, na seftiriyazon kuwa ya yi nisa. Wannan hukuncin likita ne a asibiti.

Azitiromaisin da kilindamaisin ba su da zoben ko kaɗan, likitan haƙori zai iya zaɓa daga cikinsu in akwai buƙata. Sau da yawa ma haƙorin ciko ko cirewa yake so. Ki sa a rubuta borin nan a katinki na asibiti da jan biro.