Tambaya da Amsa: In sayar da janareto in koma sola?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon lemo da ruwan sanyi a Funtuwa, firiza biyu gare ni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ke cinye min riba, wutar NEPA kuma sai sun ga dama. Ƙanena da ke jami'a ya dame ni wai fetur ƙarewa zai yi a duniya, in sayar da janareton in sa sola tunda rana kyauta ce. Amma maƙwabcina ya sa, ko shekara biyu ba a yi ba batiransa suka mutu. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, mai ba ya tsirowa kamar gero, abin da aka zuƙo ya tafi kenan. Sai dai ba gobe zai ƙare ba, Najeriya kaɗai tana da kusan ganga biliyan 37 a ƙasa. Abin da zai kore ka daga fetur tun kafin ya ƙare tsada ce, kai ma shaida ne, litar da muke saya ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ta haura 1,000 a ƙarshen 2024.

Toh amma maganar rana kyauta ce, hasken ne kyauta, ajiye shi zuwa dare shi ne mai tsadar. Faifan sola mai kyau zai yi shekara 20 ko fiye yana aiki, batir kuwa shi ne lagon abin, wannan mai ruwan da aka fi saya in ana zuƙe shi har ƙasa kullum kuma aka kulle shi a ɗaki mai zafi irin na watan Afrilu wallahi ba zai daɗe ba, kuma ina kyautata zaton abin da ya samu maƙwabcinka kenan. Kar ka bari cajin batirin ya sauka ƙasa da rabi. Na litiyam ya fi jurewa nesa ba kusa ba amma kuɗinsa sai ka yi shiri. Sannan ga ƙurar hunturu, ka hau rufi ka shafa yatsa a faifan za ka ga layi ya fito, wannan ƙurar wuta take rage maka, sai an riƙa gogewa. Da damina ma in hadari ya wuni haka za ka ga caji na jan ƙafa.

Kai sana'arka ta dace da sola sosai, domin kana iya kunna firiza da rana tsaka ta haɗa ƙanƙara, da dare ka kashe, ƙanƙarar ta riƙe maka sanyin. Kaga ka rage wa batir wahala, ba sai ka sayi da yawa ba.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa, kuma gaskiya yana ci min tuwo a ƙwarya. Kowace irin wuta akwai wanda ya biya ta da jikinsa. Da aka gina dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohon garin Bussa, dubban mutane aka tayar daga gidajen kakanninsu. Litiyam ɗin batir ana haƙo shi a nan Nasarawa, a wasu ramukan har da yara ƙanana. Shi kuma batir mai ruwa cike yake da dalma, in ya mutu sai a miƙa wa 'yan gwangwan su fasa shi a bayan gida su zubar da ruwan a ƙasa inda yara ke wasa, mu kuwa mun san dalma, a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara wajen niƙan dutsen zinare. Fetur ɗin ma ai ba tsarkakakke ba ne, a tambayi mutanen Neja Delta da gonakinsu, ko iyalan da hayaƙin janareto ya kashe suna barci.

Shawarata ka sa sola, amma fara da firiza ɗaya, ka samu mai haɗawa da zai lissafa maka abin da kayanka ke ja kafin ya faɗi farashi. Janareton kar ka sayar tukuna, bar shi saboda ranakun hadari. In batirin ya mutu kuma don Allah ka mayar wa dilan da ya sayar maka, kar a fasa shi a unguwa.