Tun Da Ɗanmu Ya Rasu Na Kasa Zaman Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Katsina, iyalina suna Daura. Wata takwas ke nan da Allah Ya karɓi ɗanmu mai shekara huɗu, bayan zazzaɓin kwana uku. Da duk Juma'a nake komawa gida, yanzu sai in yi mako uku ban leƙa ba, ina fakewa da aiki. Ga jarrabawar ƙarin girma a gabana, an kuma sa sunana a kwas na wata tara a Legas, abin da na yi shekaru ina nema. Maiɗakina kuwa har yau kuka take, ta hana a taɓa kayan yaron. Hajiyarmu ta ce ba ta da tawakkali, wani mai magani ya ce shafar aljanu ce. In tafi ko in haƙura? Daga wani uba a Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa mai ceto ne, Ya ba ku dangana.

Jarrabawar ka zauna ta, kwana ɗaya ce ko biyu. Kwas ɗin kuwa, ka rubuta takarda ka nemi a ɗage maka zuwa zagaye na gaba, ka riƙe kwafi, domin alkawarin baka na shugaban ofis ba ya shiga fayil. A aikinmu na likitanci muna ba wanda aka yi wa irin wannan rashi shawarar kada ya yanke babban hukunci cikin shekarar farko: ƙaura, ajiye aiki, saki, ƙarin aure. Neman ci gaba ba laifi ba ne, ai da shi kake ciyar da gidan. Amma kai da bakinka ka ce fakewa kake yi. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta gagare ka mako uku, ina ga an kai ka Legas?

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne yadda aka raba ku biyu: kai mai haƙuri saboda ka yi shiru, ita marar tawakkali saboda tana kuka. Kusan kullum sai na ji wannan magana a ɗakin ganin marasa lafiya, kuma tana kashe aure. Ciwo ɗaya ke cin ku. Ita tana zaune da shi a ɗaki, kai kana guje masa a ofis.

Wa ya ce hawaye rashin imani ne? Lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake gargarar mutuwa yana ɗan ƙasa da shekara biyu, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Hadisin yana cikin Bukhari. Annabi Yaƙubu, wanda ya ce "haƙuri mai kyau" a aya ta 83 ta Suratu Yusuf, shi ne a aya ta 84 idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska da yaga tufafi. To daga ina muka samo cewa da an tashi zaman makoki na kwana uku, uwa ta share ido ta koma bakin murhu kamar akuyarta ce ta ɓata?

Wannan gurguwar fahimta ita ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Tunda an yanke cewa mai imani ba ta wata takwas tana kuka, dole a nemo dalili: aljanu, maita, kishiya, ko a laƙaba mata wabi. Na ga wata baiwar Allah da aka kawo mini ƙirjinta ya shaƙe da hayaƙin turare, bayanta duk shatin bulala, wai ana korar aljani. An ci kuɗin mijinta har ya sayar da babur. Da na tambaye ta sunan yarinyarta da ta rasu, sai ta fashe da kuka ta ce tun ranar bakwai ba wanda ya sake ambatarsa a gabanta. Aljanin ke nan. Addu'a da karatun Alƙur'ani ku yi su da kanku, ba wanda ya hana. Amma duk wanda ya zo da hayaƙi, duka da farashi, ka sallame shi tun daga zaure. Haka mai kemis da zai miƙo ƙwayar barci ba takardar likita. Da yawa daga nan suka faɗa shaye-shaye.

Akwai inda baƙin ciki yake zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ambaci baƙin cikin da ya zarce aƙalla wata shida da tsanani har ya hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Don haka ka lura: tana cin abinci? Tana barci? Tana kula da kanta da gidan? Idan a'a, ko ta fara cewa gara ta bi shi, kada ka jira, ka kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kai ma a duba ka, don ban yarda kana barci ba.

Hajiya kuma a bi ta da ladabi, ka ce mata likita ya ce a bar ta ta huce a hankali.

Juma'ar nan ka shiga mota. Daga magariba zuwa isha ka kashe waya. Kada ka ce mata "ki yi haƙuri", ta ji shi ya fi sau dubu. Ka ce, "Ni ma ina kewarsa," ka kira sunansa. Kayan nasa kuma a bar su inda suke, har ranar da ita da kanta za ta ce ka miƙo mata jaka ku ninke su tare.