Shin IRM na iya auna oksijin na jini ba tare da allura ba?

Malam, ka ce an rubuta wa Baba hoton kai na IRM (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, wato MRI) daga nan Damagaram, kana tambaya ko na'urar na auna oksijin kamar ɗan abin da ake maƙala wa yatsa. Allah ya ba shi lafiya. Tana iya aunawa, amma aikinsu daban ne.

Na yatsa haske yake haskawa ta cikin farce, ya ba ka yawan oksijin da ke cikin jinin da zuciya ta turo. Mai lafiya yakan nuna kashi 95 zuwa 100.

IRM kuwa maganaɗisu ce. Himogulobin, sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, yana ɗauke da ƙarfe, kuma in ya sauke oksijin sai ya ɗan dagula maganaɗisun da ke kewaye da shi, hoton jijiyar ya ƙara duhu. Linus Pauling da Charles Coryell suka gano wannan hali na jini tun 1936, sai a 1990 Seiji Ogawa ya nuna shi a hoton ƙwaƙwalwa. Da haka ake lissafa oksijin da ya rage a jinin da ke komowa daga ƙwaƙwalwa, galibi kashi 60 zuwa 70, a san nawa ta ci. Na yatsa ba ya kai can.

Sai dai wannan awo ya fi yawa wajen masu bincike, kada ka sa ran ganinsa a takardar Baba. Ranar hoton a cire masa agogo, makullai da salula, kuma in yana da ƙarfe ko batirin zuciya a jiki, ku faɗa wa likita tun a ƙofa.