Maigida zai kai ni ƙauye a tsibirin Pemba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Maigidana malamin lissafi ne, ya samu aikin koyarwa na shekara biyu a wata sakandaren ƙauye da ke tsibirin Pemba a Tanzaniya, kuma yana so mu tafi tare da yaranmu. Shi kullum sai nuna mini hotunan farin rairayi da bishiyoyin kwakwa yake yi a waya, Hajiyarmu kuwa ta ce ba za a kai mata jikoki tsakiyar ruwa ba. Don Allah yaya zaman can yake? Daga wata uwar yara biyu, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yawancin hotunan da maigida ke nuna miki na Unguja ne, babban tsibirin Zanzibar, inda otal-otal da masu yawon buɗe ido suka yi sansani. Pemba tana arewa da shi, kuma harkarta daban. Ƙasa ce mai tuddai da kwazazzabai, kore shar, har Larabawan da suka yi mata laƙabi da koren tsibiri. Garuruwanta na kirki uku ne, Chake Chake da Wete da Mkoani, sauran duk ƙauyuka. Ki sa a ranki ƙauye za ki, irin mai kaji da awaki da mai unguwa, wanda su suke kira sheha.

Ki fara kwantar wa Hajiya hankali da wannan: kusan kowa a Pemba Musulmi ne. Za ki ji kiran salla daga ɗakinki, yara na tafiya Islamiyya da yamma, mata a lulluɓe. Shafi'awa ne galibinsu, don haka kada ki yi mamaki in kin ji liman ya bayyana Bisimilla kafin Fatiha. Suna ji da gaisuwa kamar mu. Ki koya wa yara su ce wa babba "shikamoo", shi kuma zai amsa "marahaba". Yaron da ya wuce dattijo bai faɗi haka ba, uwarsa za a zaga.

Kanumfarin da kike dakawa a yaji ko ki jefa a zoɓo, shi ne arzikin Pemba. Tun farkon ƙarni na 19 aka kawo irinsa, Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya sa aka cika tsibiran da shi, bayi suka yi aikin gonakin. Yau ma rayuwar ƙauye a kansa take juyawa. Daga wajen watan Yuli zuwa ƙarshen shekara ake tsinka. Maza su hau dogayen bishiyoyi da igiya da kwando, suna karyo tohon furen tun bai buɗe ba, kuma kusan kowace kaka sai an kai wani asibiti da karaya. Da dare iyali su zauna gaban fitila suna cire 'ya'yan daga sandunansu, gari na wayewa a baza a tabarmi bakin hanya. Na ga tsohuwa tana gadin shanyarta da ido ɗaya a sama, hadari na haɗowa ta ƙwala wa jikoki kira, kafin ɗigon farko ya sauka an naɗe tabarmi an shige. Kwana kaɗan a rana sai ya rine ya koma launin da kika sani. Hukumar gwamnati ta ZSTC ce ke saye bisa doka, shi ya sa aka daɗe ana fama da masu tsallakawa da shi Kenya cikin dare. A wannan lokaci ne kuɗi ke shiga hannu, a yi aure, a sa kwano a rufi. Maigida kuma ya shirya ganin aji ya rage cika, don yara ma suna zuwa tsintar na ƙasa.

Abin da zai fi ba ki wuya, a ganina, danshi ne da abinci. Damina biyu gare su: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba, hunturu kuwa babu shi sam. A babbar, wanki sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, takalmin fata ya yi funfuna, gishiri ya jiƙe a gwangwani. In da hali, maigida ya fara yin gaba ya gyara masauki, ku bi shi a watan Yuni.

Abincinsu shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, sai rogo, ayaba ɗanya dafaffiya, da kifi safe da yamma. Gero da dawa ba su cika yawa a can ba. Ki ƙulle kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a roba mai murfi sosai, ki tambaya tukuna abin da jami'an filin jirgi ke bari a shiga da shi. Garin masara kuwa akwai, tuwonki ba zai yanke ba.

Wuta ta samu sauƙi tun 2010, da aka ja wayar lantarki ta ƙarƙashin teku daga Tanga, wani gari a gaɓar Tanzaniya, amma ba kowane gidan ƙauye aka haɗa ba, ki riƙe fitilar sola. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a tsibiran, duk da haka gidan sauro dole ne. Ƙaramin asibiti na kusa zai iya da zazzaɓi da awon ciki. Abin da ya fi haka sai gari, wani ma sai Unguja ko Darussalam. Ku san mai mota ko mai babur ɗaya da za ku iya tasa da tsakar dare.

Tsoron Hajiya ba na banza ba ne. A Satumban 2011 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya nutse a hanyar Unguja zuwa Pemba, ɗaruruwan mutane suka rasu. Akwai ƙananan jiragen sama da ke sauka kusa da Chake Chake, da yara gara ku bi ta nan. In ta kama sai ruwa, ku shiga babban jirgi mai rajista, ku guji kwale-kwalen dare komai arha.

Sai agogo. Lissafin sa'a a Swahili daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe bakwai na safe shi ne "sa'a ɗaya". In maƙwabciya ta ce walima sa'a goma, nufinta ƙarfe huɗu na yamma, bayan la'asar. Kuma suna gaban Najeriya da awa biyu, ki tuna kafin ki buga wa Hajiya waya da asuba.

TAMBAYA: Anti, wai da gaske ne a can mata na noma a cikin teku? Daga wani ɗalibi, Maraɗi.

AMSA: Gaskiya ne ɗana. Ciyawar teku suke nomawa, sana'ar da ta kankama a 1989 a ƙauyukan Paje da Jambiani na tsibirin Unguja, da irin da aka kawo daga Filifin, daga baya ta bazu har arewacin Pemba. In ruwa ya janye sai su shiga har gwiwa, su kafa turaku, su ɗaura 'yan rassa a igiya, bayan kamar mako shida su girbe su shanya. Kamfanoni ke saye su fitar waje, a tace wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da askirim. Kuɗin kilo bai taka kara ya karya ba, ga ciwon baya da gishiri mai cin fata. Nau'in da ya fi tsada kuma ɗumamar ruwa na kashe shi a bakin gaɓa, sai an matsa da shi wuri mai zurfi, alhali da yawa cikin matan ba su iya iyo ba, ba su kuma da kwale-kwale.